Ruwan Tsafe, Kwandon Bunguɗu

Malam Uwaisu na Bunguɗu da Rabi'u na Tsafe taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba sai ɗaya ya kira ɗaya bawansa. Yanzu duk sun yi furfura. Uwaisu manomi ne, da rani kuma yakan zauna a zaure yana ɗinkin hula. Rabi'u yana da ɗan shagon kayan babur a bakin titin Funtuwa. Bayan jini, abin da ya ƙara haɗa su shi ne kowannensu yana da wata ɗabi'a da mutanen gidansa suka yi magana a kanta har suka gaji suka ƙyale shi.

Rabi'u sama yake kallo. Ya kafa turke a bayan shagonsa, ya ɗaure gwangwanin madara a kai, in an yi ruwa ya tsoma kara ya ga inda ya kai. Ya san iskar da ke kawo hadari da wadda ke kore shi. Yana sauraron hasashen yanayi a rediyo don kawai ya sami wanda zai yi wa gardama. Da yake hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, ya bi ta Tsafe, ya ratsa Gusau, sannan ya isa Bunguɗu, sai Rabi'u ya ɗauki kansa mai gadin ƙofa. In gabas ta yi baƙi, kafin ya ja ƙofar shago sai ya kira Bunguɗu.

"Kai bawa, ga shi nan na turo maka. Ku kwashe shanya."

"To, Sarkin Hadari, mun gode," in ji Uwaisu. Iyakar hirar ke nan galibi.

Uwaisu kuwa ƙarƙashin ganye yake kallo. Tsutsa yake kiwo, ba don ci ba, ba don sayarwa ba. Yakan tsinto ta a jikin tumfafiya ko lemun tsami, ya sa a kwando, ya rufe da tsohon gidan sauro, yana sake mata ganye safe da yamma har ta daina ci, ta maƙale ta yi shiru. Ran da malam-buɗe-littafi ya fito daga ciki, sai ya ajiye allura ya zauna yana kallo har fikafikan su bushe, sannan ya yaye gidan sauron ya bar shi ya tafi. Matarsa Kulu ta taɓa ce masa, "Mutane na kiwon tumaki su yi layya, kai kana kiwon abin da ko kaza sai ta yi shawara kafin ta ci." Ya yi murmushi. Shi mutum ne da ya fi son ji a kan faɗa.

Akwai guda ɗaya da bai taɓa ganin fitowarta ba. Wata babbar tsutsa ce da ke cin ganyen magarya a bakin gulbi, kaurinta ya kai babban yatsa, kore mai hasken fari, da 'yan ƙayoyi masu launi a gadon bayanta. Sau biyu ya yi kiwonta. Shekara ɗaya tururuwa suka shiga kwandon, wata shekarar akuya ta jawo shi ƙasa kaji suka ƙarasa. Daminar bara ya sake samun guda shida. Ya yi ta zirga-zirga gulbi yana yanko musu ganye, ƙayar magarya tana yage masa hannu, har da kaka ta gabato suka saƙa wa kansu gida, kowacce ta shige cikin nata. Gidan kamar ƙwanson gyaɗa yake, sai dai ya fi girma, ga tauri, launin busasshen ganye.

Waɗannan ba kamar na tumfafiya ba ne da ke fitowa cikin 'yan kwanaki. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, suna nan shiru. Uwaisu ya rataye kwandon a reshen dalbejiyar tsakar gida da waya, ya shafe wayar da baƙin mai saboda tururuwa. Ya sa a ransa sai ruwa ya sauka za su fito. Bai faɗa wa kowa ba, amma ya san gwiwarsa ta fara ƙin gangaren gulbi, kuma ba shi da tabbacin zai sake iya wannan zirga-zirgar wata damina. In zai ga abin da ke cikin gidajen nan da idonsa, bana ce.

Ana tsakiyar bazara, ran nan yana dawowa daga kasuwa a bayan ɗan acaɓa, babur ya kwashe da su a cikin yashi. Ɗan acaɓan ya tashi yana kakkaɓe riga, Uwaisu bai tashi ba. Ƙafar dama ce ta karye a ƙasan gwiwa. Ɗansa Abdulaziz, wanda ke aikin gwamnati a Gusau, ya zo da mota ya ce can zai tafi da shi, akwai mai ɗorin da ya yarda da hannunsa.

Ana cicciɓarsa za a fita, ya ce a dakata. Ya kira Kulu.

"Kwandon nan amanarki ce. Kada kaza, kada tururuwa, kada komi ya taɓa shi."

"Malam, ka ji da ƙafarka."

"Na ji. Amma dai."

"In Allah ya so yadda ka bar shi haka za ka tarar da shi."

Mai ɗori ya ja ƙafar, ya jera kara ya ɗaure, ya ce ba tafiya, ba doguwar mota, sai ya ce. Aka shimfiɗa wa Uwaisu katifa a ɗakin baƙi kusa da taga. Ta tagar ba a ganin komai sai katangar maƙwabta da ɗan yankin sama.

Da Rabi'u ya ji labari sai aikinsa ya zama biyu. Yanzu in hadari ya taso sai ya kira Gusau ya tsokani mai karaya, sannan ya kira Kulu a Bunguɗu, tunda maigida ba ya nan kuma ita kaɗai ce babba a gidan.

Ruwan farko ya zo ne wata yamma bayan la'asar. Wayar Kulu ta yi ƙara tana tsakiyar tankaɗe.

"Uwargida, ku shirya. Nan har ya fara sauka, kuma da iska shina tahe."

Ta leƙa sama, ta ga rana tana nan fes. Amma ta san Rabi'u. Ta ajiye rariya ta miƙe. Akwai wanki a igiya, akwai tsakin masara a tabarma, ga daddawa a faifai, ga itacen girki a fili. Duk macen da ta girma a gidan ƙasa ta san wannan aiki tun kafin ta iya ɗaura zane: in hadari ya taso, abin da duk ke da amfani a tsakar gida ɗaki yake shiga, kuma wanda ya fi daraja shi ake fara ɗauka. Kulu ta jawo turmi gindin dalbejiya, ta kife shi ta hau, ta kwance wayar a hankali. Ta kai kwandon ɗakin Malam, ta rataye a ƙusa, ta lulluɓa masa buhu saboda kwanon ɗakin yana ɗiga ta kusurwa ɗaya. Sannan ta koma kan wanki da itace, ta kora awaki rumfa, ta jera bokitai a bakin indararo. Tana kammalawa gari ya rufe.

Washegari da ƙasa ta sha iska, ta mayar da kwandon reshensa, ta ƙara shafa wa wayar baƙin mai.

Haka ta yi a ruwa na biyu, haka ta yi a na uku da waɗanda suka biyo baya. Rabi'u bai taɓa makara da kira ba, ita ma ba ta taɓa makara da hawa turmi ba. Ba ta ga abin faɗa a ciki ba, kamar yadda ba za ta kira Gusau ta ce ta share tsakar gida ba.

Kullum da hantsi Uwaisu yakan kira ta. Su gaisa, ta tambayi ƙafa, ya tambayi gona da wanda aka sa ya yi shuka. Daga nan sai ya tambayi na cikin kwandon.

"Sun yi motsi?"

"Suna nan yadda ka bar su."

"Ki duba bakin gidajen da kyau. Ba huda?"

"Babu, Malam."

"To. Allah shi kai mu gobe."

Gero ya tsiro, aka yi noman farko. Ciyawa ta rufe bakin hanya. Uwaisu yana kwance yana jin ruwa a kan kwanon gidan ɗansa, ya san in ya wuce nan Bunguɗu zai tafi, da safe kuma ya ji amsa ɗaya. Tun yana tambaya da ɗoki har ya koma tambaya don sabo. Wata rana ma bai tambaya ba, sai Kulu ce ta faɗa da kanta. Ya fara tunanin ko zafin bazarar bana ne ya dafa su a ciki, ko wani ƙwaro ya riga ya huda su tun suna tsutsa. Hular da Abdulaziz ya kawo masa don ya rage zaman banza tana nan a gefen katifa, allura a soke inda ya tsaya.

Ranar wata Asabar Rabi'u ya shigo motar haya ya zo dubiya. Tun daga ƙofar gida ake jin muryarsa.

"Ina bawan nan da anka ɗaure? Ai na daɗe ina cewa a sa mai mari a ƙafa, sai ga shi Allah ya kawo mai ɗori ya hutasshe ni."

"Shigo, Sarkin Hadari. Wa ka bar wa gwangwanin?"

"Gwangwani shina gadin kainai. Kai dai dubi yadda ka rame. Ba su ba ka tuwo a birni?"

Ya zauna a bakin katifa, ya ajiye ledar mangwaro da ƙullin goro. Matar Abdulaziz ta kawo ruwa da fura ta gaishe su ta fita. Rabi'u ya yi ta zuba: ruwan Bilbis ya fi na Tsafe bana, mutumin rediyo ya ce za a yi rana ranar da ƙanƙara ta zubo, wani direba ya yi masa gardama a kan iska har ya jiƙe sharkaf a kan hanyar 'Yankuzo. Uwaisu yana jingine da bango yana saurare.

"Ina labarin dabbobinka?" in ji Rabi'u.

"Ina jin sun mutu."

"Duka?"

"Ruwa ya sauka tun yaushe. Da suna da rai da sun fito."

Rabi'u ya ɗan sassauta murya. "Ka sa a yanka guda a gani mana."

"In mai rai ce fa? Na kashe ta ke nan."

"To, Allah shi kyauta." Sai Rabi'u ya koma inda ya fi ƙarfi. "Ni dai nawa aikin ban yi sakaci ba. Tambayi Kulu. Tun da damina ta kama, ko tsinke bai jiƙe ba a gidanka. Kahin ɗigo guda ya sauka ta kwashe komi ta kai ɗaki. Ita da bakinta ta ce mani tsakar gidan kan zama kamar an yi gwanjo, ba abin da ka saura sai turmi."

Ya ci gaba da wani labarin, na wani mai shayi da iska ta tafi da rumfarsa. Uwaisu bai katse shi ba. Ya bar shi ya kai ƙarshe, har ya yi dariyar da ta kamata. Sannan ya ce, "Komi da komi ta ce?"

"Mi?"

"Kulu. Ta ce komi take kwashewa?"

"Komi. Mace ce mai tsari, ba irinka ba."

Uwaisu ya miƙa hannu ƙarƙashin matashi ya ɗauko waya. Sai da ta yi ta ƙara kafin Kulu ta ɗauka, ana jin kukan akuya a bayanta.

"Lafiya, Malam? Ai mun gaisa ɗazu."

"Lafiya lau. Rabi'u ne ya zo. Tambaya gare ni. In hadari ya taso, kwandon nan ina yake kwana?"

"Ɗakinka mana. Shi nake fara ɗauka, kafin wanki, kafin itace. Har buhu nake rufa masa. Ko ɗigo bai taɓa samunsa ba, wallahi."

Ya rufe ido. Rabi'u ya tsaya da ɓare goro yana kallonsa.

"Malam? Kana ji?"

"Ina ji. Allah shi yi miki albarka, kin riƙe amana." Ya ɗan numfasa. "Daga yau in hadari ya taso, ki bar shi a reshen."

"Cikin ruwa?"

"Cikin ruwa."

Da ta sake magana muryarta ta sauka. "In wani abu na yi ka faɗa mini. In kuma ka fid da rai da su ne, gara a ajiye su a ɗaki har ka dawo, ba a bar wa ruwa ba kamar tsumma."

"Ban fid da rai ba. Kulu, a bakin gulbi wa ke kai su ɗaki? A jikin magarya suke rataye, ruwa ya doke su, iska ta kaɗa su. Ina zaton da haka suke sanin damina ta yi. Don haka na rataye su a waje."

"Ashe ni na hana su."

"Ba ki sani ba. Ni ma ban faɗa ba."

"Ai kai ba ka faɗar komai," in ji ta, ba da faɗa ba. "Shekara nawa ina fama."

Da Uwaisu ya ajiye wayar, Rabi'u ya daɗe yana kallon goron da ke hannunsa. Sannan ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Wato ni da Kulu mu munka tsare su! Ina nan ina yabon kaina, ashe gadin kurkuku nika yi."

"Kai ne babban mai laifi. Ita umarni ta bi."

"To, ba komi. Ruwan da na hana su, ni zan biya su shi. Ka ba ni kwana biyu."

Bai jira la'asar ba ya tashi, don hanyar Tsafe ba a son bin ta da yamma.

Sai dai sama ba ta san da alkawarin Rabi'u ba. Daga ranar ruwa ya ɗauke. Kwana biyun suka wuce, mako ya wuce, aka shiga na biyu. Rana ta buɗe kamar bazara ta dawo, ganyen gero ya fara naɗewa da tsakar rana, a masallatai aka fara addu'ar neman ruwa bayan kowace salla. Kulu ta ce ko ta yayyafa wa kwandon ruwan rijiya. Uwaisu ya ce ta gwada, shi ma bai san abin da suke jira ba, ko jiƙewar ce, ko sanyin da ke biyo bayan ruwa, ko rugugin tsawa. Ta tsoma tsintsiya a bokiti ta yarfa musu. Kafin azahar sun bushe ƙayau, kuma ba abin da ya motsa.

"Mutane na roƙon ruwa don gero, kai don tsutsa," in ji Rabi'u a waya.

"Ni ma ina da gero."

"Amma in anka ce ka zaɓa?"

"Gero zan zaɓa," in ji Uwaisu. "Amma ba a ce in zaɓa ba."

Abin da bai faɗa ba shi ne tsoron ko lokaci ya riga ya wuce. Ko abin da ke cikin gidajen ya yi ta jira har ya gaji.

Wata safiya Rabi'u ya kira tun kafin a kawo koko, kuma ba tsokana a muryarsa.

"Iska ta kwanta tun asuba. Gumi kawai mukai. Tururuwa na ta kwasar ƙwai suna hawa bango, kuma na ji cida can wajen gabas. Yau ne. In ba a yi ruwa yau ba, ka zo ka ɗauke gwangwanin."

Uwaisu ya ce wa Abdulaziz yana son ya koma gida. Abdulaziz ya ce, "Baba, ba a kwance ɗorin ba. Ka bari mai ɗori ya zo ranar Laraba mu ji." Uwaisu ya ce to. Abdulaziz ya shiga wanka. Da ya fito sai ya tarar da mahaifinsa a kujerar bakin ƙofa, ya sa riga da hula, sandarsa a hannu, kayansa a ƙulle cikin leda a kan cinya. Kallon ƙofar gida kawai yake yi. Abdulaziz ya tsaya yana dubansa. Daga nan ya kira mai ɗori, suka yi magana, aka ce a miƙar da ƙafar a kujerar baya, a tafi a hankali, a dawo da shi ranar Laraba.

Kafin azahar suna Bunguɗu. Kulu ta shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa, inda zai riƙa ganin dalbejiya. Ya sa aka sauko da kwandon. Ya ɗauki gidajen ɗaya bayan ɗaya yana auna nauyinsu a tafin hannu. Biyu sun yi sakayau kamar ba komai a ciki. Huɗu suna da ɗan nauyi. Ya mayar da su duka, ya ce a rataye.

Da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Iska ta taso, ta kaɗa ganye, ta yi ta kaɗawa har ta watsa hadarin gaba ɗaya. Ko yayyafi ba a yi ba. Uwaisu ya kira Tsafe.

"Yaushe zan aiko a karɓi gwangwanin?"

"Nan an yi," in ji Rabi'u a sanyaye. "Gaɓa guda da rabi. Dutsen Kwatarkwashi ya tare maku shi, ba laifina ba ne."

Washegari ba wanda ya kira kowa. Wajen azahar sai ga gari ya yi duhu ba zato, ƙamshin ƙasa ya riga ruwan isowa. Kulu ta fito da gudu, ta kwashe wanki, ta ja itace, ta kora awaki. Ta zo gindin dalbejiya har ta kama turmi, sai ta tsaya. Ta waiwayo ta dubi mijinta. Ya girgiza kai. Ta saki turmin ta dawo bakin ƙofa ta tsaya kusa da shi, ta harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai hana su tafiya.

Ruwa ya kece. Kwandon yana ta lilo a reshe, gidan sauron ya manne masa, ruwa yana zuba ta ƙasansa kamar rariya.

"Wallahi ji nake kamar na bar jariri a waje," in ji Kulu.

"Zauna."

"In maƙwabta suka leƙo cewa za su yi Kulu ta tsufa, ta fara mantuwa."

"Ki ce ni ne."

"Ai dama sun san kai ne."

An daɗe ana yi. Indararo suka cika bokitai har suka tumbatsa, tsakar gida ta zama tafki. Bayan kwana biyu aka sake yin wani, mai laushi, tun safe har hantsi. Ranar Laraba Abdulaziz ya ɗauko mai ɗori ya kawo shi Bunguɗu, don ya ga mahaifinsa ba shi da niyyar shiga mota.

Uwaisu ya koma zaman bakin ƙofa. Ya ɗauko hularsa ya ci gaba da ɗinki, yana yi yana ɗaga kai. Gero ya warware a gonaki. Kwandon ya bushe, ya sake jiƙewa, ya sake bushewa.

Wata yamma bayan la'asar, gari ya yi luf bayan ruwan safe, Kulu ta zo wucewa da ƙwaryar tsaki sai ta ja ta tsaya.

"Malam. Wani abu na motsi."

Ya ajiye allura. Ta kife turmi ta hau, ta sauko da kwandon da hannu biyu, ta ajiye a gabansa a kan tabarma. Bakin ɗaya daga cikin gidajen ya jiƙe ya yi duhu, wani abu mai gashi-gashi yana turo kai. Ya turo, ya huta, ya sake turowa. Can sai ga shi ya fito gaba ɗaya, jiki kakkaura, ƙafafu suna laluben abin kamawa, fikafikan a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse.

"Wannan ne?" in ji Kulu. "Duk wahalar nan? Ai nakasasshe ne."

"Jira."

Abin ya hau jikin kwandon ya rataya, ya tsaya cik. A hankali fikafikan suka fara saki. Suna sauka, suna faɗi, kamar ana warware sabon zane daga ninki. Kulu ta ajiye ƙwaryar ta durƙusa. Launi ya fito, ja mai duhu kamar zoɓo, da fari a tsakiya, bakin kuma an yi masa dajiya da ruwan ƙasa. A kowane fiffike akwai wani fili mai haske da ake hango saƙar kwandon ta cikinsa. Da ya gama buɗewa ya fi tafin hannun Uwaisu faɗi.

"Tabarakallah," in ji Kulu a hankali.

Uwaisu ya matso kusa. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa bakin kwandon, yana bin kowane layi da ido, kamar yadda yake duba hular wani gwani.

Sun daɗe a haka. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Abin ya fara karkaɗa fikafikai, sannu-sannu, sannan da sauri.

"Mu bar shi ya kwana mana," in ji Kulu. "Gobe Abdulaziz ya zo ya ɗauki hotonsa, a nuna wa na Tsafe."

"Na gani ai."

Ya kama gefen gidan sauron ya yaye shi gaba ɗaya. Abin bai tashi nan da nan ba. Sai da aka fara kiran magariba a masallacin unguwa ya saki kwandon, ya yi ƙasa kamar zai faɗi, ya ɗago, ya kewaya dalbejiya da wani irin tashi mai nauyi, ya haye katanga ta wajen gulbi.

Kulu ta leƙa cikin kwandon.

"Sauran fa?"

"Mayar da su reshen," in ji shi. "Ki miƙo mini buta."